Tambaya da Amsa: Katan ɗin makilin da ba shi da lamba

TAMBAYA

Ni mai tireda ne a Katanga, ƙasar Jega. Sabulu, ashana, magi, makilin da sauran kayan masarufi nike saidawa, kuma mafi yawan sarina a kasuwar Jega nike yin shi. Kwanan baya wani mai mota ya kawo wani makilin mai arha, kusan rabin kuɗin wanda munka saba, na ɗauki katan guda. Da ƙanena da ke karatu a jami'ar Aliero ya zo hutu ya duba kwalin, sai ya ce babu lambar NAFDAC, kuma wai ko a Amurka an auna man goge baki an iske dalma ciki, irin wadda ta kashe yara a Zamfara. Tun rannan hankalina bai kwanta ba, don ɗiyana da shi suke goge baki, ƙaramar ma lashe shi take yi saboda zaƙi. Na shinshina, na ɗanɗana, ban ji komi ba. Malam, da gaske akwai guba a makilin? Yaya ake gane ta, wa ke aunawa? Ko mu koma ma aswaki da gawayi irin na iyayenmu? Sannan uwar ɗiyana tana ba jaririnmu wani ruwan maganin haƙori da take saye wurin mai talla, ko shi ma akwai abin tsoro?

Mai tireda, Katanga

AMSA

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya zuri'a. Ka gaishe mini da ƙanenka, domin ya yi abin da ake tura yaro makaranta dominsa: ya juya kwali ya karanta.

Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, wadda ka sako kamar cikon zance, don ita ce ta hana ni sakat tun da na karanta wasiƙarka. Kafin ka ƙarasa wannan amsa, ka karɓi kwalbar maganin haƙorin nan daga hannun maiɗakinka. Kada a ƙara ba jaririn ko ɗigo ɗaya, kuma kada a zubar da ita, a ajiye. Ga dalilina.

A watan Nuwamba na 2008 likitoci a Legas da Ibadan da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka fara karɓar yara ƙanana masu larura iri ɗaya. Zazzaɓi, amai, gudawa, daga nan sai fitsari ya ɗauke ɗif. Uwa ta kwance goyo da safe ta tarar da zani a bushe, da yamma a bushe, washegari ma haka, jikin yaro kuwa yana ta kumbura. Ƙoda ta tsaya ke nan. Da aka bi sawu sai aka tarar yawancin yaran an ba su wani ruwan magani mai suna My Pikin, wanda kamfanin Barewa na Legas yake yi musamman don jarirai masu fitar da haƙori. Zuwa watan Fabrairun 2009 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙirga yara 84 da suka rasu. Da aka auna kwalaben a ɗakin gwaje-gwaje, kashi 17 zuwa 21 cikin 100 na abin da ke ciki wata guba ce da ake kira dayetilin gilaikol, wadda masana ke taƙaita sunanta da DEG. A 2013 babbar kotun tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara 7 kowannensu. Wannan fa magani ne mai suna da adireshi a jikin kwalba. To, ina ga wanda aka ɗauko a tiren talla, aka ɗura shi a inda Allah kaɗai ya sani? Kuma ba a nan aka fara ba. A 1990 wannan gubar ce ta shiga ruwan farasitamol ta kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan.

DEG ruwa ne garai-garai, mai ɗan kauri, ba shi da wari, ga shi da zaƙi. Masana'antu ke amfani da shi, kuma yana cikin abin da ake haɗa man birki da shi. Matsalar ita ce a ido da a harshe ba a bambanta shi da gilisarin ko danginsa da ake zubawa a magungunan ruwa don su yi kauri da garɗi, kuma ya fi su arha. Dillali ya canja takardar da ke jikin durom, mai masana'anta ya saya bai auna ba, shi ke nan. In ya shiga ciki hanta ce ke farfasa shi ya koma wasu irin asid da ke ƙone ƙananan magudanan ƙoda.

Na san abin da kakar yaron za ta ce: haƙori ne ke kawo zawo da zafin jiki, dole a ba shi wani abu. Abin da ke faruwa shi ne, wajen wata shida, lokacin da haƙori ke tsirowa, lokacin ne kuma yaro ya fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, an fara ba shi koko da ruwa, garkuwar da ya samo daga jikin uwa kuma tana raguwa. Zawon daga ƙwayoyin cuta yake, zazzaɓin kuma sau da yawa na sauro ne, suka haɗu da haƙori a hanya aka ɗora masa laifi. Ƙaiƙayin dasashi yatsa mai tsabta ya ishe shi. Zawo kuwa, ruwan gishiri da sukari da zinki, a ci gaba da shayarwa, a kai shi asibiti. Turawan Ingila ma sun daɗe cikin wannan kuskure. Shekara da shekaru suna shafa wa jarirai garin haƙori mai ɗauke da zaiba, yara suna ta wata cuta, tafin hannu da na ƙafa su yi jajir, fata na saɓulewa, kuka dare da rana. Da aka janye garin daga kasuwa a 1954 cutar ta kusan ɓacewa.

Yanzu mu dawo kan katan ɗinka.

Abin da ke hana makilin bushewa a cikin robarsa shi ne gilisarin ɗin nan ko ɗan'uwansa sobitol. Ka ga ke nan ƙofar da DEG ya bi ya shiga maganin yara, ita ce a buɗe a man goge baki. A 2006 maganin tari da aka haɗa da gilisarin na bogi ya kashe mutum fiye da 100 a ƙasar Panama, sunan gubar ya cika gidajen rediyo da jaridunsu. A watan Mayun 2007 wani ma'aikacin gwamnati a can mai suna Eduardo Arias, wanda ba likita ba ne ba kuma masanin sinadarai ba, ya shiga wani kantin kayan arha, ya ɗauki wani man goge baki yana karanta jerin kayan haɗinsa. Sai ya ga sunan nan ɓaro-ɓaro, yadda ake rubuta shi a jikin kaya: diethylene glycol. Ya sayi guda ɗaya ya kai ofishin lafiya, aka tura shi wani ofis, daga can aka sake tura shi wani, bai gaji ba har ya cike takardar koke ya bar musu. Daga wannan roba ɗaya aka bankaɗo man goge baki da aka yi a China mai ɗauke da DEG a ƙasashe da dama. A ranar 1 ga Yuni na 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce wa jama'a su jefar da duk wanda aka yi a China, bayan ta kama wani kaya mai kashi 3 cikin 100 na gubar. A wannan watan na Yuni kuma aka kama jabun Colgate a kantunan kayan arha na Amurka, an rubuta wai a Afirka ta Kudu aka yi shi, amma ko sunan ƙasar ba a iya rubutawa daidai ba. A nan gida, a shekarar ta 2007, NAFDAC ƙarƙashin Farfesa Dora Akunyili ta hana man goge bakin da aka yi a China.

Man goge baki bai yi ɓarnar da ruwan magani ya yi ba, don babba tofarwa yake yi. Yaro ɗan shekara biyu ko uku kuwa bai iya tofarwa ba, haɗiyewa yake yi, wani ma ya laɓe bayan ƙofa ya matsa a yatsa yana lasa kamar alewa. Ƙaramarka ce wannan.

Ka ce ka shinshina, ka ɗanɗana, ba ka ji komai ba. Na yarda da kai, kuma da za ka tara tsofaffin 'yan kasuwar Jega duka su ɗanɗana, su ma ba za su ji ba. Ɗan kasuwa ya saba da gwajin hannu da hanci: ya murza gero ya san na bana ne ko na bara, ya shinshina man gyaɗa ya san an sirka. Wannan ilimi ne na gaske, amma iyakarsa ke nan. DEG zaƙi gare shi, na'ana'ar makilin kuma ta rufe komai. Dalma a ma'aunin da muke magana ba ta da launi ko ɗanɗano. Duk wanda ya ce maka a ɗiga a ruwa a ga ko zai nutse, ko a kara a wuta a ga launin hayaƙi, ɓata maka lokaci yake yi.

Na taɓa tsayawa a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a ina kallon wata ma'aikaciya tana neman dalma a cikin irin waɗannan kaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haƙurinta. Ta matsa ɗan man a kan sikeli mai ƙofofin gilashi, ta rufe, don ko numfashinta na iya motsa lissafin. Ta zuba masa asid mai ƙarfi a cikin wani akwati mai zuƙe hayaƙi, ta ɗora a kan wuta. Wani jan hayaƙi ya dinga tashi, ta zauna tana jira har farin man ya narke ya koma ruwa. Ta tace, ta ƙara tataccen ruwa. Sannan na'ura ta zuƙi ruwan ta wata siririyar roba ta fesa shi cikin harshen wuta, ga wata fitila ta musamman tana haska wutar daga gefe. Dalma tana shanye wani irin haske nata na kanta, don haka gwargwadon hasken da ya ragu, gwargwadon dalmar da ke ciki. Amma kafin ta saka samfurin ko ɗaya, sai da ta ba na'urar ruwan da aka san adadin dalmarsa, daga kaɗan zuwa mai yawa, don ta daidaita ta. Ta kuma dafa kwalba ɗaya da ba komai a ciki sai asid da ruwa. Na tambaye ta amfanin dafa wofi. Ta ce in wannan ta nuna dalma, to daga kwalabenta ne ko asid ɗinta, ba daga kayan mutane ba, aikin ranar duka ya tashi a banza. Akwai wata na'ura da ta fi wannan ido nesa ba kusa ba, mai iya ƙirga dalma da asenik da zaiba da kadmiyam a zama ɗaya, amma tsadarta da buƙatarta ta iskar gas da wutar lantarki marar yankewa sun sa ba ko'ina ake samunta ba.

Neman DEG hanyarsa daban. Ana narka samfurin a tura tururinsa cikin wani siririn bututu mai tsawon kusan mita 30 da aka naɗe cikin tanda. Kowane sinadari da saurinsa. Kamar a saki doki da raƙumi da jaki da mai ƙafa lokaci ɗaya daga Jega a ce su nufi Maiyama. Wanda ya zauna a bakin gari da agogo, ko bai ɗaga kai ba, lokacin isowa kaɗai ya ishe shi sanin wanda ya iso. Gilisarin da lokacinsa, DEG da nasa. Ƙa'idar masu haɗa magani ita ce kada DEG ya wuce kashi 1 cikin 1,000 a gilisarin. Gwaji ne na yini ɗaya in akwai na'ura. In babu, a tambayi mutanen Gambiya. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a can saboda magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya, kuma sai da aka yi ta aika samfurin ƙasashen waje kafin a tabbatar da abin da ke kashe su.

Maganar dalma kuwa, ƙanenka bai yi ƙarya ba. A watan Afrilun 2025 wata ƙungiya a Amurka mai suna Lead Safe Mama, wadda wata mata Tamara Rubin ta kafa bayan dalma ta taɓa 'ya'yanta, ta fitar da sakamakon man goge baki iri 51 da ta aika ɗakin gwaje-gwaje. Kusan kashi 90 cikin 100 an ga dalma a cikinsu, wasu da asenik ko zaiba ko kadmiyam. Ba zubawa aka yi da gangan ba. Abin da ke kankare dauɗa a man goge baki daga ƙasa ake haƙo shi, kamar alli ko wani irin yumɓu, kuma ƙasa ba ta rasa ɗan ɓurɓushin ƙarfe. Waɗanda aka haɗa da yumɓu suna cikin waɗanda suka fi yawan dalma.

Sai dai "an ga dalma" magana ce da ba ta cika ba sai an ce nawa. Bari mu auna da buhu, tunda kai ɗan kasuwa ne. Ka jera buhu 10 masu kilo 100, tan ɗaya ke nan. Ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita ta man goge baki ta ce kada irin waɗannan ƙarafa su wuce giram 20 a cikin buhunan nan goma. Jihar Washington ta Amurka ta tsananta tata doka zuwa giram 1 na dalma. A gwajin can babu wanda ya kai iyakar da gwamnatin tarayyar Amurka ta sa, 'yan kaɗan ne suka haye ta Washington. Yanzu ka dubi Zamfara. A 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ana daka duwatsun zinari a tsakar gida, a inda ake shanya hatsi yara na rarrafe. A wasu gidajen ƙasar tsakar gida da aka auna, buhu ɗaya cif cikin goman nan dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28. Sannan ga wani abu da yake kusa da kai fiye da makilin. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan iyayen Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka auna kwallin da ake ranɓaɗa masa, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Buhu takwas da ɗoriya cikin goma. Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki.

Don haka in dalma kake tsoro a gidanka, ka fara da tandun kwallin da ake sa wa jariri, da tsohon batirin mota da ake fasawa kusa da gida, da kayan aikin duk wani ɗan'uwa da ke zuwa haƙar zinari ƙasar Yauri ko Zamfara ya dawo da ƙura a jiki. Makilin mai rajista yana can ƙasan layi. Ban ce a yi watsi da dalmar makilin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba shi da illa, kuma cikin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da na babba ke tsotsa, balle yaron da ke da ƙarancin jini. Kaɗan ɗin nan ba ta kayar da yaro a gan shi. Ƙwaƙwalwa take ragewa a hankali, sai ya girma a ce ba ya gane karatu, a yi ta dukansa. Abin da ake sa wa yaro a baki sau biyu kullum ya cancanci a matsa wa masu yin sa lamba su tace kayansu iya tacewa, kuma gwajin can ya nuna ana iyawa, tunda an samu waɗanda ba a ga komai a cikinsu ba.

Wa ke aunawa a ƙasar nan? NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar irin waɗannan kaya, tana da ɗakunan gwaje-gwaje a Oshodi da Yaba a Legas, da Agulu, da Maiduguri, da Kaduna. Hukumar SON kuma ita ke tsara ƙa'idar ingancin kaya. Amma ina so ka fahimci abin da lambar NAFDAC ke nufi, kuma ba sai na je nesa neman misali ba, ga Aliero nan kusa da kai. Kowa ya san albasar da ake jerawa a bakin buhu. Mai saye da ya san kan kasuwa yakan sa a zazzage buhu ɗaya ko biyu daga tsakiyar lodi. Samfurin da kamfani ya kai don a yi masa rajista albasar bakin buhu ce. Lambar tana shaida cewa an duba wannan an yarda da shi, kuma akwai adireshin da za a je a kama mutum in abu ya ɓaci. Ba ta ce an auna kowane zubi da aka yi daga baya ba, kuma ɓarawo na iya buga lambar wani a kwalinsa. Duk da haka katan ɗinka ko bakin buhunsa ba wanda ya leƙa. Ban ce akwai guba a ciki ba, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Abin da na sani shi ne ba wanda zai iya rantse maka, kuma arhar da ta kai rabin kuɗi daga wani wuri aka rage ta.

Zazzage buhun tsakiya shi ne abin da na ga ya yi mana ƙaranci, kuma shi ne kukana. Kebbi jiha ce mai iyaka da Nijar da Benin, kaya na shigowa ta Kamba da wajen Bagudo, wasu na gangarowa daga Kano da Anacha, su haɗu a kasuwa irin ta Jega su watsu zuwa tiredodin ƙauye. Ɗakin gwajin NAFDAC na Kaduna kuwa tafiyar yini ce. Kamata ya yi jami'ai su riƙa shiga irin waɗannan kasuwanni ba da sanarwa ba, su sayi kaya da kuɗinsu kamar kowa, a auna, a faɗi sakamako da Hausa a rediyo, da sunan kaya da lambar zubi. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ana karantar da ilimin sinadarai. Babu aikin kammala digiri da ya fi dacewa da ɗalibi irin ƙanenka kamar ya bi Jega da Aliero da Maiyama ya tattaro man goge baki da garin haƙori da kwallin da ake sayarwa, ya auna ƙarƙashin kulawar malamansa. Sai dai ya sani sakamakon ɗalibi ƙararrawa ce kawai. In ya ga abin tsoro, hukuma zai kai wa ta sake aunawa, kada ya yaɗa sunan kayan mutane a gari da gwaji ɗaya.

Aswaki kuwa, ai ba a ce a bar shi ba balle a koma masa. Sunna ce, kuma bincike ya nuna yana cire dauɗar haƙori sosai in an iya amfani da shi, ko na Makka ne, ko reshen marke, ko dogonyaro. Ka riƙe shi a kowace alwala. Abin da ba ya bayarwa yadda ya kamata shi ne fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa bayan haƙori ya hana shi ruɓewa. Iyayenmu da suka tsufa da haƙoransu ba su tashi da lemon kwalba da biskit da alewar da kai kanka kake sayarwa ba. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fulorayid cikin jerin muhimman magunguna. Ka duba kwali, za ka ga adadin fulorayid tsakanin 1,000 da 1,500. Shi ma in ya yi yawa a jikin yaro yana ɓata launin haƙori, kamar yadda ake gani a Langtang da Kaltungo, inda ruwan rijiya ke ɗauke da shi da yawa, wanda wani dalili ne kuma na hana yara lasa. Gawayi da toka ban ba ka shawararsu ba. Suna farar da haƙori ne ta hanyar kankare shi, bayan haƙori kuwa in ya tafi ba ya tohowa, kuma tokar murhun yau ana hura ta da leda da kwali da abin da ya samu. Garin da ake tallarsa a tasha a ƙulle a leda, ba suna ba lamba, hukuncinsa ɗaya da katan ɗinka.

Abin da ba na so shi ne tsoro ya sa a daina goge wa yara baki ɗungurungum. A Sakkwato akwai asibiti guda, tun 1999, da aikinsa shi ne yaran da cutar noma ta zaizaye wa fuska, cutar da ke farawa da ɗan gyambon dasashi a bakin yaro mai tamowa wanda ba a kula da tsabtar bakinsa ba. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, alhali yankinmu ya daɗe da saninta.

Katan ɗin nan ka sauke shi daga kanta. Na san kuɗi ne, kuma ribar tireda ba ta da yawan da za a ce a yafe katan guda ba a ji ba, Allah ya mayar maka da alheri. Kada ka karyar da shi, kada ka bayar sadaka, kada ka zubar a juji yara su tsinta. Ka ware guda uku da ba a buɗe ba, da kwalayensu, ka rubuta ranar da ka saya da wurin da kamannin motar, ka haɗa da kwalbar maganin haƙorin, ka kai ofishin NAFDAC da ke Birnin Kebbi. Ka nemi a rubuta kokenka a ba ka shaida. Ka kuma gaya wa shugabannin 'yan kasuwa a Jega, don ba kai kaɗai mai motar ya sauke wa kaya ba. Nan gaba ka yi sari wurin dilan da ke da shago a tsaye, mai ba da rasit. Ka duba lambar NAFDAC da sunan masana'anta da cikakken adireshinta, ka duba ranar lalacewa, sannan ka gwada lambar zubin da ke kwali da wadda aka danna a gindin robar, ka ga ko sun zo ɗaya. Rubutun da ya karkace ko ya cika kurakurai, ajiye musu kayansu.

Jaririn kuma a sa masa ido kwanakin nan. In fitsarinsa ya ragu ko ya ɗauke, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya yi laushi yana ta barci, kada a tsaya kemis, kada a jira gari ya waye. A kai shi babban asibitin Jega da kwalbar a hannu, a faɗa wa likita abin da aka ba shi da tsawon kwanakin, in sun ce a wuce Birnin Kebbi ko Sakkwato a wuce nan take. Ƙaramar kuwa, a sayo mata makilin mai lamba, a ɗora shi inda hannunta ba ya kaiwa. Kai ko mahaifiyarta ku matsa mata da kanku: in ba ta kai shekara 3 ba, kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama. Ku tsaya a kanta har ta tofar.